Layar Ƙarƙashin Gwiwa

Sun zuba kwalta a hanyar da muke gudu. Ban ce ba su kyauta ba. Mai keke ya huta, mai ciki ta huta, ni ma da ake kawo mini buhunan gyaɗa a inji na huta da jin ƙorafin taɓo. Amma ranar da na fito da safe na tarar da motar nan mai ƙatuwar ganga tana danne jar ƙasar da na san kowace lotsawarta da tafin ƙafata, sai na tsaya ina ta kallo, har yaran shago suka tambaye ni ko lafiya. Yanzu duk Asabar matasa ne ke fitowa a kanta, kowa da waya ɗaure a damtse, kunne a toshe, wai wayar ce ke ƙirga musu taku. Ina zaune a bakin shagon niƙana ina kallonsu, wani sa'in in yi musu dariya, wani sa'in kuwa, gaskiya, hassada ce ke kama ni. Sai in ce a raina ku dai ku yi, ƙafa ce, ba ta gaya wa mai ita ranar da za ta yi yaji.

A lokacin da nake magana Tudun Fulani, unguwarmu a Minna, bai cika ya tumbatsa haka ba. Idan ka wuce gidaje 'yan kaɗan na ƙarshe, sai gonakin doya na Gwarawa, tsibi bayan tsibi, har gindin duwatsu. Da asubar ƙarshen damina farin gajimare yakan sauko ya kwanta a kan duwatsun nan, ya ƙi tashi sai rana ta kore shi. Kafin ka ga komai sai ka fara ji: ladanin masallacinmu mai tari kafin ya ɗaga murya, ƙararrawar wani coci can wajen Bosso, kukan kwaɗi da bai gama mutuwa ba a fadama, sai kuma, in ya ga damar zuwa a makon, jirgin ƙasa yana kuka daga nesa kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Matan Gwari sukan ɓullo daga cikin farin nan a jere, ƙoƙuna cike da itace a kafaɗa, ba sa magana, sai numfashinsu da ƙarar busasshen itace. Yau in ka tsaya a wurin, janareta za ka ji da masu sayar da katin waya.

Kakata ce ta rene ni. Banufiya ce daga Bida, muna ce mata Nnako, wato kaka da yarensu. Ta yi shekara fiye da arba'in a Minna amma Hausarta ba ta taɓa yarda ta bambance mace da namiji ba. Liman ma "ta zo" ne a bakinta, akuya kuwa "ya haihu". Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin ta auri rago wanda ba ya kawo cefane sai ci. Ni kuma in ce mata ai kishin kaina nake yi da na zauna da tsohuwa marar haƙora. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na tashi cikin ƙamshin gyaɗa soyayya, da sautin turmi, da wannan ƙugin da tunkuza ke yi idan ana murza ta da ruwan zafi mai ya fara tsattsafowa. Har yau idan aka kawo gyaɗa injina, kafin in kunna sai na ɗan tsaya na shaƙa. Aikina a gidan shi ne ɓara, da ɗebo ruwa, da kai niƙa, da aike. Aiken nan shi ya koya mini gudu, domin wayar hannu ba ta zama ruwan dare ba tukuna, saƙo a ƙafa yake tafiya, ƙafar kuwa a unguwarmu tawa ce.

Mahaifina soja ne, ɗan Nnako ɗaya tilo. Ina ƙarami aka kai su wata ƙasa kwantar da rigima, abin da ya dawo mana akwatin ƙarfe ne da takalma biyu da bargo. Mahaifiyata ta yi aure a wani gari, ni aka bar wa Nnako. Ba ta taɓa ba ni labarinsa ba sai abu guda: wai yana yaro yakan kama zabo da gudu. Mutanen unguwa su ne suka cika sauran, duk wanda ya ga na wuce kamar iska sai ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa yi ba. Akwai wani wuri a cikin gudu, bayan huci ya wuce, bayan ƙirji ya daina zafi, inda ba kai ke ɗaga ƙafa ba. Ita ke tafiya, kai kana zaune a samanta kana kallon duniya tana zuwa tana wucewa. Raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, ciyawa tana shafarka, numfashinka da takunka sun zama abu ɗaya. A nan ba ni da maraici, ba ni da jarrabawar da na faɗi sau biyu, ba ni da ƙannen abokai da suka wuce ni zuwa jami'a. Har yanzu nakan yi mafarkin wurin nan. A mafarkin ban taɓa faɗuwa ba, ina dai tafiya, gonakin doya ba sa ƙarewa.

Abokin guduna Danladi ne, ɗan wani manomi Bagwari da gonarsa ke iyaka da bayan gidanmu. Tare muka yi firamare. Shi Lahadi yana coci, ni Juma'a ina masallaci, sauran kwana biyar ɗin kuwa in ka ga ɗaya ka ga ɗaya. Shi ya zo mini da labarin da ya ji a rediyon babansa, cewa za a ɗauki kurata, kuma gwajin farko gudu ne: a sake ku gaba ɗaya, waɗanda suka riga dawowa su ne za a duba, sauran kowa ya kama gabansa. Muka dubi juna muka yi dariya, don a ganinmu an riga an ɗauke mu. Ni shekaruna sun kusa kai iyakar da ake karɓa, saboda haka na san wannan ce damata, in ta wuce da wuya wata ta same ni. Ba kakin kawai nake so ba. Ina so in zama wani abu ban da jikan mai ƙuli, ina so in taka inda ubana ya taka. Saura mako shida, muka shiga fita kullum bayan sallar asuba, mu bi ta gonaki, mu hau dutse, mu gangaro ta bayan dam mu dawo.

Na gaya wa Nnako tana tsakiyar aiki. Ta ci gaba da murza tunkuza har mai ya fito ya wuce yadda take so. Kwana uku ba ta tsokane ni ba, ba ta ce mini rago ba, abincina ma a rufe take ajiyewa ta shige ɗaki. A gidanmu wannan ya fi zagi ciwo. Ran na huɗu ta yafa mayafinta na fita unguwa ta tafi, ba ta dawo ba sai la'asar. Bayan kwana biyu ta kira ni ɗakinta, ta ce in nannaɗe wandona na hagu. A hannunta akwai laya ƙarama, ba ta fi ɗan yatsa ba, baduku ya ɗinke ta cikin jar fata sabuwa, da igiyarta ita ma ta fata, har tana warin jima.

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zagaya igiyar a ƙarƙashin gwiwata, daidai inda wani ɗan ƙashi ya turo ta gefen waje. Ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta tofa.

"Kar ka kwance shi sai an gama gudu," in ji ta. "Kar kowa ya gani. Ko ni kar in sake gani."

Na ce, "To, uwargida. Ashe dai kina so mijinki ya zama janar."

Ba ta yi dariya ba. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in je in ɗebo ruwa. Ni kuwa na fita ina jin kamar an ƙara mini ƙafa ta uku, domin a ganina ta haƙura, ta sa mini albarka irin yadda ta iya. A wancan zamani ba abin mamaki ba ne. 'Yan dambe na da nasu a damtse, direbobi na da nasu a ƙarƙashin kujera, 'yan ƙwallon unguwa ma kowa da abin da ya cusa a safa. Daga ranar na koma gudu da dogon wando, Danladi yana mini tsiya wai na fara tsufa ina jin sanyi.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya mini, shi ne halin sabuwar fata. Da asuba raɓa da gumi su jiƙa ta, ta saki. Da rana in ina shanya gyaɗa a tsakar gida ta bushe, ta tsuke, kuma kullum tsukewar yau ta fi ta jiya. A mako na farko na fara jin kamar kiyashi na tafiya a bayan ƙafata, daga ƙwauri zuwa babban yatsa. Na ce gajiya ce. A na biyu sai yatsun suka fara kamo ciyawa, in yi tuntuɓe a wurin da ko makaho ba zai yi ba. Sannan abin da ya fi ba ni tsoro ya zo. Muna cikin gudu, daidai lokacin da na shiga wurin nan mai daɗi da na faɗa, sai ƙafar hagu ta fita daga cikin waƙar. In aike ta gaba ta tafi gefe. In ce ta sauka a diddige ta faɗo da baki. Idon sawun ya yi laushi, yana lanƙwashewa yadda ya ga dama, kamar ƙafar wani aka ara mini ba a gaya mini halinta ba. Wata safiya a gangaren dutse ta ƙwace gaba ɗaya, na tafi a guje ba da son raina ba, hannuwa na iyo a iska, ban tsaya ba sai da na rungumi wata bishiyar ɗorawa.

Danladi ya iso yana haki ya ce wannan ƙafa tawa burkutu ta sha ne? Na ce kambas ɗin ne ya yi mini yawa. Ya dube ni, ya dubi kambas ɗin da shi ya raka ni saye a gwanjo.

Ni kuwa na riga na gama bincikena, na yanke hukunci: baki ne. Mutane sun cika yabona, kowa barewa, kowa ɗan soja, ai dole wani mai baƙin ciki ya sa mini ido. To, wanda aka jefa, me zai yi in ba ya ƙara riƙe makarinsa ba? Da asuba in na ji igiyar ta saki saboda raɓa, sai tsoro ya kama ni kada layar ta zame ta faɗi a ciyawa. Sai in tsuguna kamar mai gyara igiyar takalmi, in cusa ɗan tsinke a ƙullin in murɗa. Da hannuna na yi wannan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Rashin sani ya fi dare duhu, haka Nnako kan ce idan na zuba gishiri a kunu da zaton sukari ne. A gida kuwa na koyi takawa a hankali a gabanta, don kada ta gane ta ce in fasa.

Ranar gwaji muka isa filin da ke kusa da bariki tun rana ba ta fito ba. Ban taɓa ganin samari da yawa haka ba, daga Sabon Gari, daga Ketaren Gwari, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da farar singileti. Aka ce ba mai gudu da dogon wando. Na san da haka, na zo da shirina: bandeji na saya a kemis, na laɓe bayan wata mota na naɗe gwiwar tun daga sama har sha-raɓa, na ja da ƙarfi don kada layar ta nuna tudu. Wani kofur ya rubuta mini lamba a ƙirji, ya nuna bandejin da sandarsa ya tambaya. Na ce ƙaya ce ta karce ni. Ya ce in wuce.

Aka busa usur. Abin da ya biyo baya ina tuna shi kamar abin da aka ba ni labari. Ƙasa tana rawa da tafin ƙafafu, kamar ana sussukar dawa a gari guda. Na fita da kyau, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Na ratsa taron, na ga bayan Danladi, na wuce shi, na ji yana kiran sunana yana dariya. Muka zagaya durom ɗin da aka ajiye a matsayin alama, muka juyo. Gabana ba su fi mutum goma ba. Ina hango tutar da aka kafa a bakin fili, ina hango sojan da ke riƙe da takarda. Na shiga wurin nan mai daɗi, na ji komai ya yi shiru, na ce a raina shi ke nan, Baba, ga ni nan.

Sai na nemi ƙafata ta hagu na rasa. Ba zafi na ji ba, da zafi ne da na cije. Babu ta ne kawai, daga gwiwa zuwa ƙasa. Na duba na gan ta tana nan, tana lilo, tana faɗuwa inda ta so. Jikina bai sani ba, yana ta tafiya da saurin da ya saba, na yi taku huɗu ko biyar ina tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, na bangaji wani, wani ya bangaje ni. Daga nan sai sama ta koma ƙasa. Na tashi, na sake faɗuwa. Na kuma tashi. A karo na uku ban tashi ba, na kwanta da kumatu a ƙasa ina kallon kambas iri-iri suna wucewa ta gaban idona, farare, shuɗɗa, wasu ma ba takalmi. Na ga na Danladi sun rage sauri a kaina. Na daka masa tsawa na ce ya wuce, in ya tsaya ban yafe ba. Ya wuce.

Baban Danladi ya zo kallon ɗansa a kan tsohon kekensa, shi ya janye ni zuwa gindin wani mangwaro. Dattijo ne marar yawan magana, hannuwansa kamar bawon itace. Bai tambaye ni ba ya kama warware bandejin. Na riƙe hannunsa, ya buge nawa kamar yadda ake yi wa yaro. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya. Igiyar ta nutse cikin nama har ba a ganinta sosai, gefenta ya kumbura ya yi baƙi, layar ta lafe a kan ɗan ƙashin nan kamar kaska.

"Wane ne ya daure maka wannan?"

Na kawar da kaina gefe.

Ya zaro 'yar wuƙar da yake fere doya da ita, ya cusa bakinta a hankali ya yanke. Ya ɗaga igiyar yana juya ta, ya ga guntayen tsinken da na murɗa a ƙullin, ya girgiza kai.

"Yaro, ko akuya ka daure shi haka, kwana uku zai fara jan kafa. Ba wanda ya yi maka komai. Hanya ne ka toshe."

Ya sa mini layar a tafin hannu ya rufe yatsuna a kanta, bai ƙara tambayar mai ita ba. Ina jin ya sani. Ya ɗora ni a bayan keke ya tura ni har gida da ƙafa, ɗansa na can ana auna masa ƙirji bai tsaya gani ba.

Daga baya wani likita ya gaya mini abin da dattijon ya riga ya faɗa, sai dai shi da dogon Turanci. Wai akwai jijiya da ke bi ta kan ƙashin nan, ba nama a kanta sai fata, ita ke ɗaga tafin ƙafa. In aka matse ta sai ta yi barci, kuma ba ta farkawa da wuri. Tawa ta yi kusan shekara biyu kafin ta farka, ba ta kuma farka duka ba. Kafin nan shekaruna sun wuce. Danladi ya tafi, ya yi aikinsa lafiya, ya ga ƙasashe, yau yana nan ya yi ritaya da tumbinsa da gidansa mai bene, duk Kirsimeti sai ya aiko mini da shinkafa da kaza. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce mini ai wata masifa aka kare ni daga gare ta. Wataƙila haka ne, Allah ne masani. Ni dai abin da na sani, na so abu, na kuma iya shi, ya wuce ni ina kwance ina kallo.

Makonnin farko ban iya ɗaga tafin ƙafar ba sam. In na taka sai silifas ɗin ya bugi ƙasa, fat, fat, tun daga zaure ake sanin ni ne. Na ce wa Nnako faɗuwa na yi na gurɗe, ban ƙara ko kalma ba, wandona kuma bai taɓa ɗagawa a gabanta ba. Ba don tausayinta ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Fushi nake yi, irin fushin da ba ya son a taɓa shi kada ya huce. Ina kwance a ɗaki ina ƙirga laifinta, ina tsallake nawa. Ranar da motar su Danladi ta tashi, na raka shi tasha na dawo, abin ya cika mini ciki. Na ce yau sai ta gani. Na sa yankakkiyar igiyar a aljihu, na shirya maganata tsaf: ga abin da jahilci ya jawo, ga ramin da kika yi mini a ƙafa.

Bayan la'asar ce. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifan gyaɗa a cinya, amma ba ɓara take yi ba, hannunta kawai ke ciki. Sai a ranar na lura ba ta kunna wuta ba tun safe, kuma ɗankwalinta ya yi mata yawa. Na zauna a kan turmi, hannuna a aljihu. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Maigida, zan gaya maka magana, in ka so ka tsine mini." Ba ta dube ni ba. "Layan nan ba na gudu ba ne. Na ce ma malam ya rubuta kar ka tafi. Na ba shi jan zakara na. Na ce ko yaya ne, kar a dauke ka."

Sai a lokacin na tuna na kwana biyu ban ji caran zakaran ba.

"Ban ce a taba kafa ba," in ji ta. "Wallahi ban ce kafa ba. Na ce dai kar a kawo mini akwati na biyu. Yanzu in ka taka, ina ji a nan." Ta dafa ƙirjinta. "Kowane taku, ni ne."

Na zauna da igiyar a cikin tafin hannuna, a cikin aljihu, har ta jiƙe da gumi. Gaskiyar da na zo da ita tana nan a bakina. Zan iya ce mata ba rubutun malam ba ne, igiya ce. To, igiyar wa ya ɗaura? Duk ta inda na juya maganar, a kan tsohuwar nan za ta sauka, ita da ta durƙusa da gwiwoyi masu ciwo ta ƙulla sau biyu don kada abin ya faɗi. Na dubi hannuwanta a cikin gyaɗa, duk tabon mai mai zafi, hannuwan da suka ciyar da ni shekara ashirin. Fushin bai tafi ba, kada in ce ya tafi. Amma na ga ba ta da inda za ta ajiye shi in na miƙa mata.

Na ce, "Nnako, wace laya? Wadda na cire tun kwana biyu da ɗaurawa?"

Ta ɗago kai.

"Ƙaiƙayi ta dame ni, na kwance na jefa a dam. Tsoron faɗanki ya hana ni gaya miki. Ni da ƙafata muka je filin nan, ba laya ba komai. Rami na taka."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa gyaɗa in tana neman ruɓaɓɓiya. Na tsayar da idona, ban taɓa yin ƙarya da natsuwa irin ta ranar ba, Allah ya yafe mini. Ban sani ba ko ta yarda, ko kuwa ta ga abin da nake miƙa mata ta karɓa don ta san ni ma ina buƙatar ta karɓa.  Ta ja dogon numfashi, ta share ido da bakin zane.

"Rago," in ji ta. "Mara jin magana. Ashe zakara na ya tafi a banza."

Ta jawo faifan ta fara ɓara da gaske, ta ce in tashi in hura mata wuta tun magariba ba ta yi ba, ko so nake mu kwana da yunwa. Na miƙe. Daga ƙofar ɗakinta zuwa murhu bai fi taku goma ba. Na ɗaga gwiwar hagu sama sosai, na sauke tafin a hankali, na sake ɗagawa, don kada silifas ɗin ya bugi ƙasa ta ji. Na yi gudu iri-iri a rayuwata, na hau dutse na gangaro, amma ban taɓa yin tafiyar da ta ba ni wuya kamar wannan ba.